Tambaya da Amsa: Kaset ɗin 1978 da ya samu masu sauraro a 2013

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana da ke karatu a Faransa ya turo mini wani kiɗa, ya ce abokansa Turawa suna matuƙar sonsa kuma na wani mutumin Nijar ne. Da na saurara sai na ji ashe kiɗan nan ne da muke ji a rediyo da talabijin tsakanin shiri da shiri tun muna yara. Wane ne mai shi, kuma me ya sa sai yanzu duniya ta san da shi? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bisa yadda ka siffanta kiɗan, mai shi shi ne Mamman Sani Abdoulaye, wanda ya yi aiki da hukumar UNESCO, kuma a wannan aiki ne ya sayi ogan ɗinsa na farko, wani nau'in fiyano mai amfani da lantarki ƙirar Orla ta Italiya, daga hannun wani wakili ɗan ƙasar Ruwanda. A 1978 ya shiga ɗakin ɗaukar sauti na gidan rediyon ƙasa a Yamai, aka ɗauki kiɗansa, sannan aka fitar da shi a kaset tare da haɗin gwiwar ma'aikatar al'adu. Sai dai shirin bai yi nisa ba, kwafi kaɗan ne suka fita, ta yadda kiɗan ya shiga kusan kowane gida mai rediyo amma kaset ɗin da ke ɗauke da sunan mai shi bai shiga ba. Shi ya sa kai da tsararrakinka kuka haddace sautin ba tare da kun san mutumin ba.

Abin da ya sauya lamarin shi ne wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin fitar da waƙoƙi na Sahel Sounds, wanda ya ci karo da kaset ɗin cikin tsofaffin kaset da aka adana a Yamai, ya nemi Mamman Sani ya same shi, suka daidaita, aka sake fitar da aikin a faifai a 2013, shekara 35 bayan ɗaukarsa. Lokacin ya dace, domin matasan Turai da Amurka masu son kiɗan na'ura suna neman tsofaffin sautuka, kuma intanet ta kawar da wahalar da a da take hana kaset ƙetare iyaka. Daga nan aka fitar da wasu ayyukansa na shekarun 1980, ya kuma je Turai ya yi wasa.

Ba shi kaɗai ba ne. A wannan shekara ta 2013 kamfanin Luaka Bop na New York ya tattara waƙoƙin William Onyeabor na Inugu, wanda ya riga ya bar waƙa ya koma kasuwanci da addini, kuma har ya rasu a 2017 bai hau dandamali don cin gajiyar sabuwar shaharar ba. Labarin Ata Kak, mutumin Gana, ya fi ban mamaki: ya ɗauki waƙoƙinsa a Kanada a 1994, aka buga kwafi kimanin 50, wani Ba'amurke mai suna Brian Shimkovitz ya sayi ɗaya a bakin titi a garin Cape Coast na Gana a 2002, ya shafe shekaru yana cigiyarsa kafin a sake fitar da kaset ɗin a 2015.

A ganina bai kamata a danganta wannan ga sa'a kawai ba. A duk waɗannan labarai akwai kwafin da ya tsira daga zafi da ƙura, akwai kuma wanda ya ɗauki wahalar neman mai aikin maimakon ya kwafa ya sayar. Abin takaicin shi ne kusan duk masu wannan nema baƙi ne, alhali gidajen rediyonmu na Kaduna da Kano da Yamai da Damagaram sun shafe shekaru da dama suna ɗaukar makaɗa.

Tambaya: Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, makaɗin garaya ne, ya bar kaset cike da akwati. Yaya za mu yi da su? Daga wata mai karatu a Katsina.

Amsa: Amin, Hajiya, Allah ya gafarta masa. Da farko ku raba akwatin da rana da danshi da duk abin da ke da maganaɗisu, kamar lasifika, domin yana goge sauti. Kada ku saka kaset a tsohuwar rikoda don gwaji, saboda zaren da ya daɗe a ajiye yakan manne, rikoda kuma ta tauna shi. Ku sa biro a ramin kaset ɗin ku juya a hankali, idan zaren ya tafi sumul to ana iya juye shi a kwamfuta a wurin wanda ya san aikin, a ajiye kwafi biyu a wurare daban. Ku kuma zauna da dattawan da suka yi zamani da shi, su faɗa muku sunan kowace waƙa, da wanda aka yi wa ita, da 'yan amshin da ke ciki, ku rubuta a jikin kowane kaset.

Game da haƙƙi, dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta kare waƙar da mutum ya tsara har shekara 70 bayan rasuwarsa, kuma magada ne ke da wannan haƙƙi. Idan wani kamfani ya nemi fitar da su, ku ba shi izini na ƙayyadadden lokaci a rubuce, tare da bayanin kason da za ku riƙa samu, kada ku sayar gaba ɗaya, kuma ainihin kaset ɗin su ci gaba da zama a hannunku.