Jiya hannuna ya taɓa ƙasa, yau ya ƙi: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na fara yoga, wato motsa jiki na miƙe gaɓoɓi da daidaita numfashi, a gida saboda ciwon baya, ina bin bidiyo a waya. Abin da ke ɗaure mini kai, yau in sunkuya hannuna ya taɓa ƙasa, gobe ko gwiwa da ƙyar zai wuce. Tsayuwa da ƙafa ɗaya kuwa sai tangaɗi. Ni mace ce mai son sanin inda ta dosa. Ba daidai nake yi ba ne, ko in haƙura kawai?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki haƙura. Abin da kika kwatanta halin jiki mai rai ne.

Fara da duba lokacin da kike yi. Tsakanin ƙasusuwan gadon baya akwai wasu faya-fayai masu laushi da ke tsotsar ruwa idan mutum ya kwanta da dare, shi ya sa da asuba yakan fi tsawonsa na yamma da kusan santimita 1. A cike suke idan an tashi, don haka sunkuyo yakan yi wuya a sa'ar farko. Ƙara da ƙarancin barci, sanyin hunturu da damuwa, duk suna ɗaure tsoka. Ba lallai ba ne bayan da kika kwanta da shi jiya ya zama shi kika tashi da shi yau.

Tangaɗin nan ma shi ne aikin. Ƙwaƙwalwa tana tsayar da ke ne da labarin da take samu daga ido, da can cikin kunne, da tafin ƙafa da gaɓoɓi. Gobe ki tsaya kusa da bango, ki ɗaga ƙafa ɗaya, ki sa hankalinki a ƙasa. Za ki ji yatsu suna damƙar tabarma, idon sawu yana 'yar rawa, dama, hagu, dama. Gyara yake yi. Rufe ido na daƙiƙa 5 ki ji yadda rawar za ta ƙaru.

Malaman yoga na Indiya sun daɗe da sanin wannan. Patanjali, wanda ake jingina wa tsoffin ƙa'idojin fannin, ya haɗa abu biyu wuri ɗaya: naci a kan aiki, da cire rai daga sakamako. B.K.S. Iyengar, wanda ya rasu a 2014 yana da shekara 95, ya tashi ne da jinya iri-iri tun yana yaro, kuma shi ya yaɗa amfani da ɗamara, bulon katako da kujera a makarantarsa ta Pune, domin kowa ya yi daidai jikinsa. Ni a ganina masu bidiyo sun cuci mutane a nan, don ranar da suka iya kaɗai suke nunawa. Ga shi ko ƙirar ƙashin ƙugu ba ɗaya ba ce, akwai zaman da wata ba za ta taɓa iyawa ba komai nacinta. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Saboda haka sauya tambayar. Maimakon "na iya ko ban iya ba?", tambayi kanki, "yau ina ne ya ɗaure? Idan na ɗan lanƙwasa gwiwa, me zai canza? Numfashina yana tafiya ko na riƙe shi?" Wadda ta saba da haka a kan tabarma, ranar da ciniki ya tsaya ko yaro ya sauya hali, takan tsaya ta duba kafin ta yanke wa kanta hukunci.

Amma akwai inda ba a gwaji. Jan tsoka daban, zafi mai suka daban. Idan ciwo yana harbawa zuwa ƙafa, ko ƙafar tana mutuwa ko rasa ƙarfi, dakata ki ga likita. Idan kuwa riƙe fitsari ko bahaya ya gagara, asibiti za ki nufa a ranar, kada ki bari a kwana.