Me ya sa TDA2030 ɗina ke ƙonewa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyon gyaran rediyo a Daura. Na haɗa amfilifaya da TDA2030, wato IC (ƙaramar na'ura mai ƙafafu) na ƙara ƙarfin sauti, na ba shi taransifoma 15-0-15, na jona sifika biyu masu ohm 4 a baki ɗaya. Da na ɗaga murya sai IC ɗin ya ɗau zafi ya mutu. Ko jabu aka sayar mini?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Akwai jabu a kasuwa, amma a haɗin nan naka ko na asali ma ba zai kai labari ba.

Fara da wuta. Lambar 15 da ke jikin taransifoma wutar AC ce. Idan ta bi ta diyod ta taru a kafasita, sai ka ninka ta da 1.4, ka ga ta haura volt 20 a kowane ɓangare. Shi kuwa TDA2030 iyakarsa 18. Tun kafin ka sa waƙa ya wuce ƙa'ida, balle janareta ya ɗan hau. Nemi 12-0-12, zai ba ka wajen 16, ko ka bar taransifomarka ka koma wani IC mai suna LM1875, wanda ke aiki lafiya a volt 25.

Sai sifika. Biyu masu ohm 4 a baki ɗaya sun zama ohm 2, wato ka ɗora wa jaki ɗaya kayan jakuna biyu. Kowace sifika a ba ta nata IC.

Inda na fi so ka natsu shi ne zafi. Yawancin wutar da irin wannan IC bai mayar da ita sauti ba, zafi take zama, ga kuma ranar Daura a watan Afrilu da ke kaiwa digiri 40. Ɗan guntun gwangwani ba zai sanyaya shi ba. Sa masa alminiyam mai fiffike, ka shafa farin man nan mai isar da zafi (thermal paste) a tsakani, ka ɗaure tamau. Ka kula, ƙarfen bayansa haɗe yake da ƙafa ta 3, inda wutar negatif take. In zai taɓa akwatin ƙarfe, sai ka sa takardar mika (mica, wadda ba ta barin wuta ta wuce) ta raba su.

Kada ka raina ƙananan kafasita masu 100nF, a liƙa su da dalma dab da ƙafa ta 3 da ta 5.

In da batirin sola kake son aiki, ɗauki allon amfilifaya na TPA3116D2. Yana karɓar volt 12 zuwa 24, kuma zafinsa kaɗan ne.