Amsa ga mai neman tsofaffin takardu kan tarihin Hausawan Ngaundere

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce an ba ka aikin kammala digiri kan waƙoƙin wa'azi da kiɗan fada a tsakanin Hausawan Ngaundere ta ƙasar Kamaru, kana tambayar abin da za ka karanta da inda ake samun tsofaffin takardu. To ga abin da na gani da idona a wannan harka.

Ɗakin karatu na Jami'ar Ngaundere da ke Dang, kusa da garin, fara da shi, amma kada ka daɗe. Jami'ar a 1993 aka kafa ta, ta Marwa kuwa a 2008, alhali abin da kake nema ya girme su da fiye da shekara ɗari. Amfanin wurin shi ne ayyukan ɗaliban da suka riga ka. Buɗe ƙarshen kowanne, ka kwafe sunayen unguwanni da gidajen da suka je. Ka nemi rubuce-rubucen marigayi Eldridge Mohammadou, wanda ya bi fadojin lamidai, wato sarakunan Fulani, yana tattara tarihin baka. Fulani ya fi mayar da hankali a kai, amma Bahaushe na nan a gefen kowane labari, ko fatake ko malami ko makaɗi. Jerin shekarun tarihi kuma ka riƙe shi: Modibbo Adama, wanda ya kafa masarautar Adamawa, ya karɓi tutar jihadi wajen 1809, Jamusawa suka ci Ngaundere a 1901, bayan Yaƙin Duniya na ɗaya Faransawa suka gaje su. Shi ya sa takardun mulki suka watsu, wasu a Yawunde, wasu a Balin ta Jamus, wasu a Aix-en-Provence ta Faransa. Idan kana nema a intanet, gwada "Haoussa" da "Haussa", yadda Faransawa da Jamusawa ke rubuta sunan, in ba haka ba rabin abin zai wuce ka.

Ainihin kayan dai suna zauren malamai, cikin gafaka. Nan ne aikin yake, nan ne kuma yawancin ɗalibai ke ɓata rawarsu da tsalle. Kada ka je kai kaɗai da takardar jami'a a hannu. Nemi almajirin gidan ko wani dattijo ya kai ka, ka je gaisuwa kawai da ɗan goro, ka dawo wata rana. Kada ka taɓa cewa a ba ka aro. An sha karɓar kundin mutane ba a mayar ba, shi ya sa suke ƙi, kuma ni ban ga laifinsu ba. Ka roƙi izinin ɗaukar hoto da waya a gabansu, ka buga musu kwafe ka kawo.

Idan an kwance maka gafaka, ka lura takardun ba a ɗinke suke ba. A ƙasan shafi akwai kalma ɗaya tilo, ita ce farkon shafin da ke biye, da ita ake gane jeri. Juya ɗaya bayan ɗaya, hannu a bushe, nesa da kofin shayi. Shafin ƙarshe kuwa kada ka tsallake shi, nan mai kwafe kan sa sunansa da ranar da ya gama da lissafin Hijira. Ɗaga takarda ka haska a rana, wani lokaci za ka ga tambarin jinjirin wata uku, irin takardar Italiya da fatake ke kawowa. Inda gara ta ci, ɗauki hotonsa haka nan, kada ka liƙa komai.

Waƙar ajami kuma da murya aka yi ta. Karanta ta a takarda kaɗai ba zai ba ka karinta ba. Tsofaffin mata da suka yi karatun allo, da makafi masu bara, su ne suka haddace. Zauna da su ka naɗa. Kiɗan fada ma haka, jira hawan Sallah ka ji kakaki da algaita, sannan ka bi makaɗan gida ka tambayi daga ina kakanninsu suka zo, da wane harshe suke kirari.

In hali ya yi, Arewa House, cibiyar adana takardun tarihi a Kaduna, ta cancanci tafiya. In babu kuɗin mota, Jami'ar Boston ta sa hotunan rubutun ajami na Hausa a intanet kyauta, sai ka fara saba idonka da hannun magabata kafin ka shiga zauren kowa. Allah ya ba da sa'a.