Ɗana, ga amsar tambayarka kan kishiyar tada fitina

Saƙonka ya iso, ina fata kana lafiya, ya karatu a Samaru? Ka ce malaminku ya nemi kishiyar “tada fitina” ka rubuta “zaman lafiya”, kuma kana son jin yadda magabata suke yi idan rigima ta ɓarke.

Ba ka yi nisa ba, sai dai zaman lafiya riba ce, ba shi ne aikin ba. Ka san ana cewa fitina kwance take, la'ananne ne mai tada ta. To, abin da aka tayar ai kwantar da shi ake yi. Shi ya sa muke cewa kwantar da tarzoma, kwantar da hankali. In wani ya hura wuta, sai a nemi mai yayyafa ruwa har ƙura ta lafa.

Amma kada ka haɗa raba faɗa da sulhu. Raba faɗa ko ɗan dako a kasuwar Sabon Gari zai yi, ya janye wannan ya riƙe wancan, kowa ya tafi da abinsa a ciki. Sulhu kuwa sai an zauna. Muna yara a unguwar Kwarbai cikin birnin Zariya, in maƙwabta suka saɓa kan kwata ko iyakar katanga, zauren mai unguwa ake zuwa bayan la'asar, ga liman a gefe. Kowa ya amayar da abin da ke ransa, ba mai katse shi. Sannan a ba wanda ya fusata baki, wato a lallashe shi har ya huce, a sa ƙarami ya ba babba haƙuri ko da shi ke da gaskiya. Na san wannan yana yi muku nauyi ku 'yan yanzu, ni dai na ga gidajen da ya hana rushewa. A yi musafaha, a raba goro, a shafa fatiha. Sai abu ya gagara ake kai shi gaban hakimi, ko fadar Sarkin Zazzau. Kai ɗan'uwa gaban alƙali kuwa abin kunya ne a wurinmu.

Aure ma yana da tasa kalmar, biko. In mace ta yi yaji ta koma gidansu, miji ba ya zuwa shi kaɗai. Kawunsa ko babban amininsa ke shiga gaba, da goro, wani lokaci da turmin zane, a roƙi iyayenta. Ayar nan ta 128 cikin Suratun Nisa'i, “wassulhu khairun”, wato sulhu alheri ne, ai kan ma'aurata take magana. Ni kaina sau uku na je biko a danginmu. Kada ka tambaye ni na wa, domin mai shiga tsakani abin da ya ji a zaure a nan yake barinsa.

Ka kai wa malaminku “kwantar da tarzoma”, ka ƙara da sulhu da sasantawa. In kun sami hutu ka shigo birni, akwai sauran magana kan zawarci. Ka gaida abokan karatu.