Tambaya da Amsa: Yaro ya haskaka a atisayen Maris, don me ake mayar da shi ƙaramar gasa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a jihar Maryland ta Amurka, kuma ɗana ne ya ja ni cikin kallon besbol har na zama ɗan a-mutun ƙungiyar Orioles ta birnin Baltimore. Abin da ke damuna shi ne, duk shekara idan aka je atisayen share fagen kaka, sai ka ga yaro sabon tashi yana ta ragargazar ƙwallo, amma ana tashi daga sansani sai a tura shi ƙaramar gasa, wato matakin ƙasa da ake rainon matasan 'yan wasa, a bar wani tsoho da bai tsinana komai ba. Haka aka yi wa Jackson Holliday a 2024. Ni dai a sanina, Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Wannan ba zalunci ba ne? Sannan akwai wani a YouTube da ke fitar da sunayen yaran da suka fi bugu a watan Maris, yana cewa a sayi katunansu, wato katunan hotunan 'yan wasa da ake tarawa ana sayarwa, tun kafin su yi tsada. Na ɗan ware wani abu daga ajiyata. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, mayar da kuɗin nan inda ka ɗauko su tukuna, mu yi magana.

Karin maganar da ka kawo gaskiya ce, sai dai watan Maris ba shi ne Larabar kakar besbol ba. Wannan kuskuren nake fama da shi a bakin mutane duk shekara: a ɗauki matsakaicin bugun yaro a atisaye, wato yawan bugun da ya ci idan aka raba da yawan tsayuwarsa, a mayar da shi hujja. Mu ɗauki Holliday ɗin da ka ambata. A sansanin Orioles da ke Sarasota ya buga .311, abin sha'awa a ido. To sau nawa ya tsaya bugu? Sau 45, ya ci 14. Cire guda huɗu daga ciki, irin ƙwallon nan da ke silalewa tsakanin masu tsaro biyu ko ta faɗo a gaban wanda rana ta kashe wa ido, sai lissafin ya koma .222. Ƙwallaye huɗu ne kacal tsakanin "tauraro ya bayyana" da "yaron nan bai nuna ba". Masu nazarin alƙaluma irin su Russell Carleton sun daɗe da nuna cewa matsakaicin bugu sai mutum ya tsaya sau ɗaruruwa, wajen 900, kafin a fara dogaro da shi. Kakar gaske wasa 162 ce. Kai kuma ana so ka zuba kuɗi a kan tsayuwa 45.

Ba ma ƙarancin adadin ne kaɗai matsalar ba. Wa ya jefa masa ƙwallon? A wasannin farko, ƙwararren mai jifa yakan yi zagaye biyu ko uku ya tafi wanka. Kuma ko a wannan ɗan lokacin ba neman fitar da kai yake yi ba. Wani ya zo ne ya gwada sabon riƙon ƙwallo, sai ya jefa iri ɗaya sau shida a jere, ko ana duka ko ba a duka, don kocinsa ya ce yau abin da za a gyara ke nan. Daga zagaye na shida zuwa sama kuwa, duba bayan rigar mai jifan: lamba 87, lamba 93, wani ma babu suna a jiki. Yara ne da aka ɗebo daga filayen baya don a cike wasa. Shafin Baseball-Reference har ma'auni ya ware na ƙarfin abokan karawa a atisaye, inda 10 ke nufin 'yan babbar gasa, 8 kuma 'yan matakin Triple-A, mataki mafi girma a ƙaramar gasa. Mai YouTube ɗinka ya taɓa nuna maka wannan layin? Ƙara da yanayin wurin da ake atisayen. Ƙungiyoyi 15 suna Florida, 15 suna Arizona. Iskar Arizona busasshiya ce, ƙwallo na tafiya da nisa, jifa mai lanƙwasa ba ya lanƙwashewa yadda ya saba, ƙasar fili kuma ta yi tauri har ƙwallo ta riƙa tsere wa masu tsaro.

Abin da ya kamata a duba a wurin Holliday yana nan a fili, mutane ne suka ƙi kallo. Kusan kashi ɗaya cikin uku na tsayuwarsa an fitar da shi ne da jifa uku, wato ya kasa buga jifa uku da aka lissafa masa, kuma shugaban harkokin 'yan wasa na ƙungiyar, Mike Elias, ya faɗa cewa yaron na buƙatar ƙarin gogewa a gaban masu jifa da hagu, da kuma tsaron zango na biyu da aka koma da shi. Aka yi ta surutu. Ranar 10 ga Afrilu aka kira shi babbar gasa yana ɗan shekara 20. Ya tsaya sau 34, ya ci 2, an fitar da shi da jifa uku sau 18, kafin wata ya ƙare an mayar da shi Norfolk, ƙungiyar Orioles ta ƙaramar gasa. Ba wai yaron ba shi da baiwa ba ne, shi aka fara zaɓa a duk ƙasar a zaɓen matasan 'yan wasa na 2022, kuma da ya dawo a ƙarshen Yuli ya fitar da ƙwallo waje da mutum uku a kan zanguna. Lokacinsa ne bai yi ba, kuma .311 ɗin ba ta da bakin faɗin haka.

Juya abin kuma ka gani. A 2018 Shohei Ohtani, mai bugu kuma mai jifa, ya zo sansanin Angels a Tempe daga Japan, ya ci 4 cikin 32, a jifa kuma aka yi masa kaca-kaca. Masana suka yi ta rubutu cewa a kai shi ƙaramar gasa. Gab da buɗe kaka ya daina ɗaga ƙafa sama kafin bugu, ya koma ɗan taɓa ƙasa da yatsun ƙafa. A makon farko na Afrilu ya fitar da ƙwallo waje a wasa uku a jere, a ƙarshen shekara shi ne gwarzon sababbin 'yan wasa na Gasar Amurka, ɗaya daga ɓangarori biyu na babbar gasa. Wanda ya bi jerin sunayen watan Maris a shekarar nan, da Ohtani zai fara jefarwa.

To me masu aikin ke kallo? Abin da sa'a ba ta iya ƙirƙira. Yaro yana bin ƙwallon da ta fita daga da'irar da doka ta ce jifa ya bi, ko yana kyale ta? Idan aka miƙo masa jifa mai gudun mil 96 a awa a saman ƙirji, sandarsa tana riskar ta ko tana makara? Da wane ƙarfi ƙwallo ke barin sandar, ko da an cafke ta? Yawan fita da jifa uku yana fara faɗin gaskiya tun daga tsayuwa 60 ko makamancin haka, shi ya sa na fi kula da shi. Ga mai jifa, gudun ƙwallonsa idan aka kwatanta da bara, da sabon salon jifa idan ya samu, da yadda hannunsa ke kwana bayan wasa. Yaron da ya zo a Fabrairu yana jifa iya ƙarfinsa don ya burge manya, ni tsoro yake ba ni.

Game da zalunci kuwa, ba zan wanke ƙungiyoyi ba, akwai shi. A 2015 Kris Bryant ya buga .425 a atisaye, ya fitar da ƙwallo waje sau 9, ga tarihin ƙaramar gasa da ya riga ya nuna cewa ya ƙware. Ƙungiyarsa ta Cubs suka ce sai ya gyara tsaro, suka tura shi ƙaramar gasa a Iowa, suka kira shi ranar 17 ga Afrilu. Cikar shekarar aiki a babbar gasa kwana 172 ce, shi ya tashi da 171. Kwana ɗayan nan ya ba ƙungiyar damar riƙe shi ƙarin shekara guda kafin ya sami 'yancin zaɓar inda zai je. Ya kai ƙara, mai sasanci ya yanke hukunci a farkon 2020 bai ba shi gaskiya ba. Irin wannan ne ya sa yarjejeniyar 2022 ta kawo tukwici: ƙungiyar da ta fara kaka da fitaccen yaronta, ya kuma zama gwarzon sababbi, ana ƙara mata gurbi a zaɓen matasa. Seattle ta ci wannan moriya da Julio Rodríguez. Shi kuma tsohon da kake ganin an bari a banza, sau da yawa takarda ce ta tsare shi. Gurbin 'yan wasa 26 ne kowace ƙungiya ke da shi a babbar gasa. Idan damar tura shi ƙaramar gasa ta ƙare, sai an fara tallata shi ga sauran ƙungiyoyi, kowa na iya ɗauka. Yaro kuwa ana tura shi a dawo da shi ba asarar komai. Abin haushi ne, amma haka dokar take.

Shi kuma tsarin da koci ke jera masu bugu a wasannin Maris, wa zai fara wa zai biyo baya, kada ma ya ɗaga maka hankali. Ana sa manya a sama don su yi tsayuwa biyu ko uku da wuri su tafi gida. Sai a makon ƙarshe ne jerin ke kama da na gaske, kuma ko a kaka, tazarar gurbi da mai bi masa wajen tsayuwa 18 ce a duk shekara. Anthony Volpe ya ƙwaci gurbinsa a Yankees a atisayen 2023, amma na tara aka sa shi ranar buɗe kaka.

Saura batun kati. Mutumin da ke ce maka ka saya, ka tambayi kanka ko ba shi da tulin katunan a ɗakinsa yana jiran masu saye. A Maris farashin yaro ke tashi saboda surutu, mako biyu marasa kyau a Afrilu sun isa su kayar da shi. Zuba ajiyar iyali a kan ƙwallaye huɗu da suka silale a Sarasota caca ce, ko da wane suna aka kira ta, kuma kai ma ka san matsayin caca. Idan ɗanka yana son Holliday, saya masa kati ɗaya mai araha ya ajiye, ragowar kuma ka kai shi Camden Yards, filin wasan Orioles, ku kalli wasa, ku zauna inda za ku iya ganin ko yaro yana bin ƙwallon da ta fita waje.