Ruwan Bitrut, Zogale da Haki: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 46, aikina na zaman ofis ne, rabona da motsa jiki na manta. Bene hawa biyu kawai ke sa ni haki. An ce mini in riƙa shan ruwan bitrut, wai yana ƙara juriya. Da gaske ne? In haka ne, yaya ake shan sa? (Wani mai karatu daga Kaduna)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Akwai ƙanshin gaskiya a maganar, domin bitrut, jar saiwar nan da masu kayan salak ke kawowa daga Jos, yana cikin 'yan tsirarun tsirran da aka gwada a jikin mutane aka ga wani abu. Amma abin da yake yi bai kai yadda ake zuzuta shi ba.

Sinadarin da ke aikin shi ne naitiret. Idan ka sha, hanji ya tsotse shi ya shiga jini, sai wani kaso ya dawo baki ta cikin yawu. Ƙwayoyin bakteriyar da ke kwance a bayan harshe su ke juya shi ya zama naitirait, ka haɗiye, jiki kuma ya mayar da shi naitirik oksaid. Wannan ne ke saki jijiyoyin jini su buɗe, ya kuma sa tsoka ta yi aikinta da iskar oksijin ƙasa da yadda ta saba. Kamar babur ne da aka gyara wa kafireto: tafiyar ɗaya ce, man da ya sha ne ya ragu.

A 2007 masu bincike a cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin suka ba mutane naitiret na kwana 3, suka ga iskar da suke buƙata a kan keken motsa jiki ta ragu da kusan kashi 5 cikin 100. A 2009 kuma, a Jami'ar Ekzita da ke Ingila, aka ba maza 8 rabin lita na ruwan bitrut kullum har kwana 6, suka jure aiki mai tsanani na tsawon lokacin da ya ɗara na da da kusan kashi 16 cikin 100. Ka lura, mutum 8 ne, kuma masu lafiya ne da suka saba motsa jiki. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna cewa manyan 'yan tsere ba sa samun wani abin kirki, waɗanda jikinsu bai goge ba su suka fi amfana. Wannan labari ne mai daɗi gare ka. Sai dai ba kowa ba: a masu ciwon sukari, gwajin tafiya da aka yi a jami'ar ta Ekzita bai nuna wani sauƙi ba.

Adadin da ake nema shi ne miligiram 300 zuwa 600 na naitiret. A gida, ka sami ɗanyen bitrut giram 250 zuwa 300, wato matsakaita biyu ko uku. A wanke, a fere, a yanka ƙanana, a markaɗa da ruwa kofi ɗaya, a tace da rariya mai laushi. Ɗan citta da lemon tsami na kashe ƙarnin ƙasar da ke hana wasu sha. Sukari kam kada a sa. Ka sha awa 2 zuwa 3 kafin ka fita, don a lokacin ne naitirait ke kai maƙura a jini. Wanda ya kwankwaɗa a bakin ƙofa ya fita, sai ya dawo gida ya yi wanka sannan abin zai fara aiki. Ka kuma sani cewa naitiret ɗin bitrut ya danganta da ƙasar da aka noma shi da takin da aka sa, don haka ƙarfin na yau da na gobe ba lallai ya zo ɗaya ba.

Inda aka fi yin asara shi ne baki. Ruwan kuskure baki na kanti mai kashe ƙwayoyin cuta, musamman mai sinadarin kulohekzidin, yana share bakteriyar nan ta harshe, naitiret ya shiga ya fita a fitsari ba tare da ya tsinana komai ba. Yawan tofar da yawu bayan sha shi ma ragi ne. Sai dafuwa: naitiret na narkewa a ruwa, idan aka tafasa bitrut aka zubar da ruwan, an zubar da abin da ake nema. Sannan kada a bar markaɗaɗɗen ya wuni a zafi. A sha nan take, ko a sa a firiji a sha kafin gobe. Idan fitsari ko bayan gida ya yi ja, launin bitrut ne, ba jini ba.

Duk da haka, Malam, ruwan bitrut ba ya ƙara wa zuciya ƙarfi. Wanda ya daɗe a zaune idan ya lazimci sassarfa wata 2 zuwa 3, iskar da jikinsa ke iya sarrafawa kan ƙaru da kashi 15 zuwa 20 cikin 100, abin da babu kofin da zai ba shi. Ka fara da tafiyar minti 10 zuwa 15 kwana 5 a mako, da saurin da za ka iya magana amma numfashinka ya ɗan ɗaga. Kowane mako ka ƙara minti 5 har ka kai 30, ka cika minti 150 a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a matsayin mafi ƙaranci. Kafin nan, a auna hawan jininka da sukari da yawan jini, don haki a hawa biyu yakan zama alamar ƙarancin jini ko matsalar zuciya. In akwai ciwon ƙirji, jiri ko kumburin ƙafa, asibiti ne farko.

Tambaya: Ina shan maganin hawan jini, kuma an taɓa cire mini tsakuwar ƙoda. Zan iya sha? (Wata uwa daga Maraɗi)

Amsa: Hajiya, ki dakata tukuna. Bitrut na da sinadarin okzalet da yawa, wanda shi ne ke haɗuwa da kalsiyam ya zama irin tsakuwar da ta fi yawa a ƙoda. Cin 'yan yanka a salak daban, shan kofi cike kullum daban. Yana kuma sauke hawan jini da maki 4 zuwa 5 a lambar sama. Idan ya haɗu da maganinki zai iya sa ki jiri in kin miƙe. Ki kai maganar ga likitan da ke duba ki, kuma ko ya yarda, kada ki ajiye ƙwayarki saboda shi. Tunda uwa ce ke, ga ƙari: ba a ba jariri ɗan ƙasa da wata 6 wannan ruwa, naitirait na hana jininsa ɗaukar iska.

Tambaya: Bitrut ya yi tsada a garinmu. Garin zogale ko kafson ƙarin kuzari da ake tallatawa ba za su maye gurbinsa ba? (Wani ɗalibi daga Gusau)

Amsa: Zogale abinci ne mai kyau, ka ci kwaɗonka. Amma yawancin gwajin juriyar da aka yi da shi a kan beraye ne, na mutane kaɗan ne kuma ƙanana. In naitiret kake nema da araha, alayyafo da latas suna da shi sosai. A turara alayyafon ko a sa shi a miya yadda ruwansa ba zai tafi ba.

Kafso kuwa, ka juya kwalbar ka duba. Idan ba a rubuta miligiram nawa na naitiret ke ciki ba, ba ka san abin da ka saya ba, kuma garin bitrut da ake ɗurawa a ƙwaya ɗaya bai kai rabin cokalin shayi ba. Lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, a kan maganin gargajiya tana nufin an duba rashin illarsa ne, ba wai an tabbatar yana yin abin da mai talla ya faɗa ba. An kuma sha kama irin waɗannan kayan ƙarin ƙarfi da sinadarin sildenafil (maganin ƙarfin maza) a ɓoye a ciki, wanda idan ya haɗu da maganin ciwon zuciya irin su naitirogilisarin yakan faɗar da hawan jini warwas.