Shin Alfahari da Ƙungiyar Zumunta Laifi Ne?

Tambaya: Malam, ni ɗan wata ƙungiyar 'yan'uwantaka ne a Aboabo, cikin Kumasi, inda muke tara kuɗi duk wata domin suna, jinya da jana'iza. Mun yi niyyar karrama dattawanmu bayan Babbar Sallah, amma wasu sun ce riya ce. Mene ne ra'ayinku?

Amsa: Ɗan'uwa, haɗa kai domin taimakon juna abu ne mai asali. Tun kafin aiko Annabi (SAW) mutanen Makka suka ƙulla yarjejeniyar Hilful Fudul domin kare wanda aka zalunta, shi Annabi ya halarta, kuma ya yabe shi daga baya. Bayan hijira a shekarar 622 kuma ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansaru. Kakanninmu fatake da suka biyo goro har ƙasar Asante ma da irin wannan riƙon suka kafa zango, domin baƙon da ba shi da dangi, maigidan da ya sauke shi ne danginsa.

Don haka karramawar ba laifi ba ce, matuƙar aiki aka duba, ba aljihu ba. Abin da nake yawan gani, kuma yana ba ni haushi, shi ne a naɗa wa attajiri babbar riga, a manta da tsohon da ya shekara talatin yana wankan gawa da haƙa kabari ba tare da ko sisi ba. Ku fara da shi, ku kira iyalinsa su shaida, kuma kada ku taɓa kuɗin jinya wajen hayar rumfa da kujeru.